Gwaggon Treichville da Littattafanta na Ban Tsoro

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma, Gwaggo dai ta riga mu.

Ranar da aka kai ta makwancinta, tsakar gidan hayar da take zaune a unguwar Treichville bai ɗauke mu ba, sai da aka shimfiɗa tabarmi har bakin titi. Gidan irin na haɗaka ne, ɗakuna a jere suna kallon juna, famfo a tsakiya, kowane ɗaki da yarensa. Danginmu na unguwar Adjamé, can hayin gada, suka tattaru gefe guda suna jan carbi. Maƙwabta kuma suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya ce "Yako," wato sannu da rashi a bakin mutanen nan, wancan ya yi addu'a da yaren Jula, wata ta riƙe hannuna kawai ta saki ta wuce.

Wadda ta fi kowa kuka ba jininmu ba ce. Matar ɗakin da ke kallon na Gwaggo ce, Kirista, mai sayar da acheke, wato dambun rogo, da soyayyen kifi a ƙofar gida. Ta zauna a dandaryar siminti tana share hawaye da bakin zaninta. Da na durƙusa in ba ta haƙuri, sai ta ce mini da Faransanci, "Tanti ta tafi ba ta gaya mini wanda ya zuba gubar ba." Ashe akwai labarin da Gwaggo ke ba ta kaɗan-kaɗan kowace yamma in tana suya, kuma an kai daidai inda maigida ya faɗi a gaban abincinsa. Na san labarin, don ni na karanta wa Gwaggo shi. Na ce zan ƙarasa mata in an watse. Ta girgiza kai ta ce, "Ki bari, 'yata. Ba za ki iya faɗa kamar ita ba."

A tsakiyar makokin nan murmushi ya kusa kuɓuce mini, don na tuna abin da Gwaggo kan ce: in an yi mutuwa a littafi, wanda ya fi kowa kuka shi za ki fara tambaya inda yake lokacin da abin ya faru.

Wasu matan danginmu suka leƙa ɗakinta don su ajiye jakunkuna, suka ga kwalaye a jere jikin bango har kusan taga. Ina jin ɗaya tana tambaya ƙasa-ƙasa, "Duk wannan littattafai ne? Na addini?" Ɗayar ta ce, "Ina fa. Na kashe-kashe ne da aljanu." Ta farkon ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Allah ya yafe mata. Kaɗaici ne."

Wajen azahar wani tsoho ya zo ya tsaya daga waje, hularsa a hannu. Babu wanda ya san shi sai ni. Mai baza tsofaffin littattafai ne a ƙasa, can kusa da Indénié. Ya ƙi shiga, ya ce shi ba Musulmi ba ne, bai san yadda ake yi ba. Ya ce tun yana saurayi take sayen littafi a wurinsa, kuma a cikin duk masu zuwa ita kaɗai ce kan dawo da littafi ta ce masa marubucin ya yi ha'inci, ya ɓoye wa mai karatu abin da ya kamata ya nuna masa. Ya ɗan tsaya yana kallon ƙofar ɗakinta daga nesa, sannan ya mayar da hularsa ya tafi.

Baba kuwa, ƙanenta, malamin da ya koyar da rabin yaran Hausawan Bracodi, unguwarmu a Adjamé, karatun Alƙur'ani, yana zaune cikin maza. In an yi masa gaisuwa sai ya ɗaga hannu.

Duk wanda ya buɗe baki ranar, abu ɗaya ya faɗa: mai haƙuri ce, ba ta da abokin faɗa. Haka ake faɗa a kan kowa. Ni na san ta yi faɗa, kuma na san haƙurinta ba irin wanda suke nufi ba ne. Ba da jimawa ba mai gida zai sa wani a ɗakin, a yi sabon fenti. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, kuma da Hausa, ko da yake hannuna ya fi sauri da Faransanci kamar yawancinmu da aka haifa a nan. Da ta ji na rubuta ta da wani yare, da ta yi kamar ba ta gane ba.

Yayar mahaifina ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba, Inna take ce mini tun ina goye. Kakanmu fataucin goro ya kawo shi Adjamé. Baba aka kai wurin malamai, ita kuma aka sa ta lakwal, wato makarantar boko, abin da ba a cika yi wa 'ya mace ba a lokacin. Da ta gama ta samu aiki a wani ofis a unguwar Plateau, nan tsakiyar gari, ita ke ɗaukar waya ta haɗa mai kira da wanda yake nema. A nan ne, ta ce, wata abokiyar aiki ta manta da wani littafi marar bango a kan tebur. Tsakanin kira da kira ta fara dubawa. Labarin wata mata ne da aka tsinci gawarta a ɗaki kulle ta ciki. Ta bi shi har ta kai ƙarshe, sai ta tarar an yage shafukan ƙarshen.

"Inna, kusan hauka na yi," in ji ta. "Na zagaye Adjamé kaf ina tambayar masu littattafai. Ban san sunan littafin ba, ban san wanda ya rubuta ba. Sai in tsaya in ba su labarin tun daga farko, ko wani zai gane shi."

Ba ta taɓa samun sa ba. Tun daga nan ba ta sayen littafi sai ta buɗe bayansa, ta rufe rubutun da tafin hannu don kada idonta ya saci wani abu, ta tabbatar kalmar ƙarshe tana nan. Wanda kuwa ke fara leƙa ƙarshe kafin ya karanta, ba ta ganin mutuncinsa. Takan ce irin wannan in an ba shi amana sai ya buɗe.

Mijinta ma'aikacin tashar jiragen ruwa ne, shi ya kai ta Treichville. Ya rasu ɗansu ɗaya tilo yana ƙarami. Aka yi aka yi ta dawo gidan gado a Adjamé, ta ƙi. Ta ce a can ko tari ta yi sai an tambaye ta dalili.

Littattafanta iri biyu ne. Akwai na Faransanci, na 'yan sanda da masu bincike, waɗanda take kira polisiye. Akwai kuma na Hausa, siraran nan masu hoton mutum da jajayen idanu a bango, na matsafa da fatalwa da gidajen da ake jin tafiya a cikinsu ba a ga mai yi ba. Waɗannan direbobin da ke kawo albasa daga Nijar ke zo mata da su. Ranar Asabar sai ta hau tasin haɗaka da ake kira woro-woro ta haye gada, ta fara biyawa ta Indénié ta yi musanyen polisiye, sannan ta gangara wajen masu albasa ta ji ko an zo mata da saƙo. Sai ta gama wannan take shigowa gidanmu gaisuwa, jakarta ta yi nauyi, ƙasan zaninta duk taɓon kasuwa.

Takan ce na Turawa sun fi iya lissafi, komai da dalilinsa, amma ba su iya ban tsoro ba. "Fatalwar Bature me za ta yi mini? Ko sallama ba ta iya ba. Amma wadda za ta tsaya bayan ƙyaure ta kira ki da muryar uwarki, da Hausa, wannan ita ce magana."

Ina yarinya, in an yi hutu, wurinta ake kai ni. Bayan la'asar takan fito da kujerarta bakin ƙofa, ta sa tabarau, ta karanta har hasken ya fara raguwa. Sannan ta rufe ta ba ni abin da ta karanta, ko da na Faransanci ne sai ta mayar da shi Hausa, ta ba mutanen ciki muryoyi. Mai binciken kullum da muryar wani maƙwabcinmu mai sanyin magana yake fitowa. Ta san inda za ta tsaya. Daidai lokacin da hannu ya kama mariƙin ƙofa, sai ta ce, "Inna, tashi ki ɗauraye kwanukan nan." In na yi magiya da Faransanci sai ta shiga gyaran ɗankwali kamar babu mai magana. Sai na haɗa jimlar da Hausa, ko da a karkace, sannan ta juyo. A bakinta na fara jin tuhuma da tsargi da sawu da ƙulli. 'Yan'uwana da ba su yi hutu a Treichville ba, yau Hausarsu ba ta wuce gaisuwa da sunan abinci ba.

Na taɓa tambayar ta me take ji a cikin tsoro, tunda ni in ta ba ni labari ba na iya zuwa bayan gida ni kaɗai. Ta yi dariya ta ce, "Tsoron littafi mai ladabi ne. In ya ishe ki sai ki rufe shi, ya zauna ya jira ki. Wanne tsoro ne a duniya zai yi miki haka?"

Baba bai taɓa son abin ba. Yana ganin ƙarya ce aka jera aka buga, kuma mace mai shekarunta carbi ya fi dacewa da hannunta. Ita kuma takan ce ba ta buɗe littafi sai ta sauke izunta na ranar, wanda ke da shakka ya zo ya saurara. Iyakar abin da ta yarda ta yi masa shi ne ta naɗe bangon littattafan da tsohuwar kalanda, don kada ɗalibansa su ga ƙoƙon kai a jakar yayar malaminsu. A haka suka zauna shekaru, yana tsaki tana dariya.

Ɗanta ya girme ni. Da yake ɗan fari ne ba ta faɗin sunansa, yaron nan take cewa har ya yi gemu. Gyaran firji yake yi, yana da ɗan shago a Bracodi, amma a wurinta yake kwana, a ƙaramin ɗakin da ke manne da nata. Shekarar da gari ya rikice, ana harbe-harbe ana tare hanyoyi, ya ji labarin ana fasa shaguna a Adjamé. Wata safiya da abin ya ɗan lafa ya ce zai je ya duba ya dawo kafin azahar. Ta ce ya bari. Ya ce kayan mutane ne a ciki, ba nasa ba. Ta jiƙa shinkafa ta ɗora miya. Azahar ta yi, la'asar ta yi. Wayarsa ta yi ta ƙara ba a ɗauka, daga baya ta daina shiga.

Da hanya ta buɗe, ni na riƙa raka ta. Lokacin na yi aure, ina aiki a kantin magani. Muka bi komisariya-komisariya, wato ofisoshin 'yan sanda, asibiti-asibiti, har ɗakunan ajiye gawa. Hotonsa na cikin jakarta. Na ga tana yin tambaya yadda mutanen littattafanta ke yi, a natse, ba kuka: wa ya gan shi a ƙarshe, wace riga ce a jikinsa, ta wace hanya ya bi. Shagon dai ba a taɓa shi ba, kwaɗon yana nan yadda ya bar shi. Wani mai sayar da katin waya ya ce ya gan shi a Indénié da hantsi yana tafe a ƙasa. Wani yaron gbaka, ƙaramar motar haya, ya ce kamar ya gan shi, kamar kuma ba shi ba ne. Daga nan sawun ya ɓace. A ɗakin gawa ba ta fara duba fuska, ƙafa take fara buɗewa, don yana da tabon ƙunar salansa a ƙwauri. In ta ga ba shi ba ne sai ta mayar da mayafin a hankali, ta yi wa mai shi addu'a, mu wuce na gaba.

Shekara ta zagayo babu labari. Wata Juma'a bayan an sauko, Baba ya haye gada tare da wasu dattawan unguwa. Ina wurin, na kawo musu ruwa na koma bakin ƙofa.

Baba ya ce, "Yaya, lokaci ya yi da za a yi wa yaron nan addu'a. A tara mutane a yi sadaka, hankalin kowa ya kwanta."

Ta ce, "Addu'a ina yi masa kullum, Malam."

"Kin san irin wadda nake nufi."

"Wa ya wanke shi? Wa ya sallace shi? Kawo mini mutum ɗaya da ya gani da idonsa, ni da hannuna zan dafa shinkafar."

Dattawan suka sa baki da nasiha, tana saurare tana cewa na gode. Baba ya dubi kwalayen da ke jikin bango, ransa ya ɓaci. Ya ce, "Littattafan nan ne suka hana ki dangana. Kin zaci duniya ma haka take, sai wani ya zo a shafin ƙarshe ya zaunar da ke ya yi miki bayani. Mutum nawa aka rasa a garin nan, iyayensu suka sallama wa Allah?"

Ta cire tabarau ta ajiye a cinya. Ta ce, "Na sallama wa Allah. Kai ne ban sallama wa ba. Takalmanka na waje."

Bai sake hayewa ba tsawon shekaru, ita ma Asabar ɗinta ta daina ƙarewa a gidanmu. Ni na zama hanyar da ke tsakaninsu. In an yi layya, Baba ya ware cinya ya ce in kai Treichville, ba ya cewa wa. In na kai, ta karɓa ta ce, "Ƙafar Malam fa, da sauƙi?" In na dawo ya ce, "Kin same su lafiya?" alhali ya san mutum ɗaya ne a ɗakin.

Ta daɗe ba ta taɓa littafi ba bayan ɓatan ɗanta. Kujerar na fitowa bakin ƙofa bayan la'asar, amma ƙofar gida take kallo. Sai wata rana na zo na tarar da tabarau a fuskarta, polisiye a hannu. Abin ya tsaya mini a rai. Na ce, "Gwaggo, yaya kike iya karanta kisa da ɓatan mutane, bayan abin da ya same mu?"

Ta sa yatsa a inda ta tsaya ta rufe littafin a kansa. Ta ce, "Inna, a nan ciki in mutum ya ɓata, akwai wanda ke tashi ya ƙi ci ya ƙi sha sai ya gano. Ba danginsa ba ne, bai ma san shi ba. A ƙarshe ya zo ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya cire hula, ya gaya wa uwar abin da ya faru. Ko mummuna ne yana faɗa mata. Ni wurin nan nake jira a kowane littafi. In na kai nan sai in karanta a hankali."

Na ce, "Na aljanun fa?"

Ta ce, "Su kuma mamatansu ba sa yin shiru. Sai sun dami mutane har an je an tono inda suke. Na san ƙarya ce, ubanki bai fi ni sani ba. Amma ƙarya ce mai tausayi."

Na yi ta roƙon ta ta dawo gidana, akwai ɗaki, akwai jikoki. Ta ce in yaron nan ya dawo, nan zai zo, bai san gidan da na koma ba. Ƙaramin ɗakinsa ta ci gaba da riƙe shi tana sharewa.

Akwai wani abu da ta yi wanda ba a faɗa ba ranar makoki, don danginmu ba su sani ba. Wata yarinya Bahaushiya daga Nijar, sabuwar zuwa, ba ta jin ko kalma ɗaya ta Faransanci, mijinta mai turin kaya a Kasuwar Gouro ya fita bai dawo ba. Masu albasa suka ce ta je wurin tsohuwar nan ta Treichville. Ta zo da goyo a baya, idanu sun kumbura. Gwaggo ba ta ce mata ta yi haƙuri ba. Ta zuba mata abinci, ta tambaye ta rigar da ya sa da kuma ko yana da wani tabo, sannan ta ɗauki mayafi da jaka. Ta riga ta san ƙofofin, ta san wadda ake fara bugawa. Suka yi kwanaki suna yawo, gwiwarta na ciwo. Ranar da na samu sarari na bi su, ranar aka dace. A wani asibiti aka same shi, mota ce ta buge shi, babu takarda a jikinsa, bai daɗe da farfaɗowa ba. Yarinyar ta faɗa bakin gadon tana kuka tana dariya. Gwaggo ba ta shiga ba, ta zauna a bencin baranda ta riƙe musu jaririn.

A jirgin ruwa muka dawo ranar. Tana kallon ruwan lagun, tafkin da ya ratsa gari, jakarta a ƙirji. Sai da muka kusa sauka ta ce, "Ashe ana samu." Da muka isa gida ba ta ci abinci ba. Bayan wannan wasu ma sun zo, kuma ba ta taɓa mayar da kowa ba har ƙafarta ta gaza.

Daga baya yanar ido ta rufe mata gani. Aka yi aiki, bai yi wani amfani ba. Sai na riƙa zuwa ranar Lahadi ina karanta mata. Na Faransanci ba na shan wahala, amma na Hausa sai ta yi ta tsayar da ni. "Ba haka ake faɗa ba, kin mayar da mutumin Bafaranshe." Ko kuma, "Kada ki yi gudu, Inna. Mutumin nan a tsorace yake, ki bar shi ya ji tsoronsa." Tun kafin mu kai rabi takan faɗi wanda take tuhuma, in ta canka ta yi ta jin daɗi har yamma, in ta kuskure ta ce marubucin ya yi ha'inci. Na so in kawo 'ya'yana su saurara, amma su labarinsu a waya yake, kuma in ta yi musu Hausa da Faransanci suke amsawa. Ta ce in ƙyale su. Sauran ranakun mako ita kaɗai ce da rediyo, sai da yamma ta lallaɓa bakin ƙofa ta sauke wa mai acheke abin da muka karanta. In zan tafi takan ce, "Sa takarda a inda muka tsaya," sannan ta karɓi littafin ta riƙe a cinya, ita da ba ta ganin ko harafi.

Da ciwon ƙarshe ya kwantar da ita, wata Lahadi na buɗe littafi ta ce in rufe. Ta ce, "Je ki kira mini ubanki."

Baba ya zo washegari, yana dogara sanda, ni na riƙe shi ya sauko daga mota. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama kamar baƙo. Ta ce, "Shigo, Malam, ka tsufa, daga tafiyarka na ji." Ya zauna a kujerarta ta karatu. Suka gaisa doguwar gaisuwa, ya gida, ya ɗalibai, ya jiki. Sannan ta ce, "Ka tara mutanen."

Baba ya ɗago da sauri. "Kin samu labari ne, Yaya?"

"A'a. Amma na kusa zuwa inda aka sani. Ba na so in same shi can ya ce ba mu yi masa komai ba. In kuma ban same shi ba, addu'ar ta bi shi duk inda yake."

Ban taɓa ganin hawayen mahaifina ba sai ranar. Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ki yafe mini maganar da na faɗa miki."

Ta ce, "Ta littafi? Rabinta gaskiya ce. Ni ma ka yafe mini takalman."

Aka yi sadakar a tsakar gidan nan. Aka dafa shinkafa, aka soya masa, malamai suka sauke Alƙur'ani. Ta ce sai an fito da ita. Muka zaunar da ita a kujera bakin ƙofa, lulluɓe da mayafi, tana juya kai duk inda ta ji murya. Da Baba ya ɗaga hannu ya ambaci sunan ɗanta a cikin addu'a, na ga leɓɓanta suna motsi, amma ba ta yi kuka ba. Ta shafa tare da kowa. Aka kawo mata shinkafa ta ɗanɗana ta ce gishiri ya yi yawa. Da aka watse ta sa aka buɗe ƙaramin ɗakin, ta ce a ba mabukata kayan sawarsa, a mayar wa mai gida mabuɗi.

Daga ranar Baba kullum sai ya haye gada. Yakan zo da hantsi ya zauna kusa da gadonta yana karatu a hankali, ita kuma tana gyara masa labarin yarintarsu in ya ɗauko shi ba daidai ba. Yana wurin ta cika, wata safiya, ni ina wurin aiki.

Har yau ban san abin da ya sami ɗan Gwaggo tsakanin Indénié da ƙofar shagonsa ba. Baba ma bai sani ba, kuma ba na jin akwai wanda zai zo ya gaya mana. A cikinmu duka ita kaɗai ce ta sani yanzu.

Allah ya gafarta mata, ya yalwata kabarinta ya haskaka shi, ya sada ta da wanda ta daɗe tana nema. Mu da muka rage, Allah ya kyautata namu ƙarshen.